Tarihin marubuta na kowace safiya: yana sa a yi rubutu ne, ko lokacin rubutun yake cinyewa?

'YarTawada
Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina da magana, kuma don Allah kada a ce na zo da rigima. Ɗan taƙaitaccen tarihin nan da ake turowa kullum da safe, "a rana irin ta yau aka haifi wane, a rana irin ta yau littafi kaza ya fito", wani lokaci har da 'yar waƙa a ƙasa, na daɗe ina bibiyarsa kuma ina jin daɗinsa. Amma na fara zargin cewa daɗin nan shi ke ƙosar da ni. In na karanta yadda wani ya sha wuya kafin ya gama littafinsa, na jinjina masa, na tura wa mutane, sai in wuni ina jin kamar na taɓuka wani abu a fagen adabi, alhali ko layi ɗaya ban rubuta ba. Ni dai a ganina abin nan rage rubutu yake yi. Akwai wanda ya taɓa kammala wani aiki ta dalilinsa? Gaskiya nake son ji, ba lallashi ba.

Tsohon_Edita
Wa alaikumus salam 'yata. Ya danganta da abin da kike tsinta a cikin labarin. Masu rubuta irin wannan tarihi sun fi son ƙarshensa, wato lambar yabo da ɗaukaka, sai su tsallake tsakiya inda aikin yake. Ni tsakiyar nake bi. Akwai wani marubucin Ingila, Anthony Trollope, wanda ya yi shekara da shekaru yana aikin gidan waya. Ƙarfe biyar da rabi na asuba yake zama, ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti goma sha biyar. Sai ya yi awa uku sannan ya shirya ya tafi ofis. In littafi ya ƙare alhali lokacin tashi bai yi ba, sabuwar takarda yake jawowa ya fara na gaba. Da haka ya bar ƙagaggun labarai 47. Wannan labari ba ya sa tsikar jiki tashi, amma akwai abin da za ki iya ɗauka ki gwada gobe da safe.

Ɗan_Tsokana
Baba Edita, ranka ya daɗe, ka ɓoye mata wani abu. Mutumin nan yana da wani dattijo da yake biya musamman don ya tashe shi kullum, shi da kansa ya rubuta haka a tarihin rayuwarsa. Mu wa zai tashe mu? Ƙararrawar waya, wadda yatsa ɗaya ke kashewa.

Tsohon_Edita
Ɗan_Tsokana, ba a raba ka da surutu. To ka nemi naka dattijon.

Maman_Haidar
Ni kam ya taimake ni, ba zan ɓoye ba. Ban san Toni Morrison ba sai ta irin wannan tarihi na safe. A nan na ji cewa littafinta na farko ya fito a 1970 tana da shekara 39, tana aikin edita a kamfanin buga littattafai, ga yara maza biyu tana riƙo ita kaɗai, shi ya sa take tashi tun duhu ta yi rubutu kafin su farka. A lokacin na riga na yanke wa kaina hukunci cewa na makara, wai wadda ba ta fitar da littafi tana budurwa ba ta haƙura. Daga ranar na canza. Yanzu yawancin rubutuna a waya nake yi, yaro a kafaɗa, na rage hasken fuskar wayar don kada ya farka, babban yatsa ɗaya ke aiki. Wani lokaci in na duba da safe sai in ga kalmomi sun cakuɗe inda barci ya fizge ni, amma dai akwai abin gyarawa. Abin da labarin ya yi min shi ne ya cire min wata ƙarya da na yarda da ita. Rubutun kuwa ni na yi abina.

Mai_Shakka
Hajiya Maman Haidar, Allah ya ƙara basira. Amma ina tare da mai tambaya, kuma dalilina daban ne. Duk wanda ya shiga irin wannan kalanda, wanda ya tsira ne. Ku ɗauki Chinua Achebe. Za a ce muku ranar 17 ga Yunin 1958 Things Fall Apart ya fito a Landan, a yi tafi. Abin da ya faru kafin nan fa? Kwafi ɗaya tak yake da shi, rubutun hannu, ya sa a ambulan ya aika wa wasu masu buga tafireta a Landan, har da kuɗin aiki. Suka yi shiru watanni. Sai da shugabarsa a gidan rediyo, Angela Beattie, ta je hutu can ta taka har ofishin ta yi musu tsiya, sannan aka buga aka turo masa. Da matar nan ba ta je hutu ba fa? Ko da ta ji ƙyuya? Mutum nawa ne nasu ambulan ɗin ya ɓata, ba wanda ya bi musu sawu? Waɗannan ba su da rana a kalanda. Saboda haka in aka ce maka "dubi wane, ya jure ya kai", rabin labari aka ba ka. Ana iya jurewa kuma ba a kai ba.

Bintun_Baiti
Kai Mai_Shakka, da safen nan? Ka sa jikina ya yi sanyi.

Maman_Haidar
Malam Mai_Shakka, ni kuma darasin da na gani a labarin da ka kawo shi ne kada ka taɓa ba da kwafinka na ƙarshe. Ka ga ai ya yi amfani.

Sarkin_Gyara
Ni matsalata da waɗannan sakonni ba zaburarwa ba ce, kwanan watan ne. Duk shekara ranar 23 ga Afrilu sai an cika mu da cewa Shakespeare na Ingila da Cervantes na Sifaniya rana ɗaya suka rasu a 1616. Ba haka ba ne.

Ɗalibin_Adabi
Yallaɓai, ai a kan haka UNESCO ta ware ranar a matsayin ranar littafi ta duniya tun 1995. Kana nufin su ma ba su sani ba?

Sarkin_Gyara
Ƙanena, ware rana daban, tarihi daban. A 1582 Fafaroma Gregory ya gyara kalanda, Sifaniya ta karɓa nan take, Ingila kuwa ta ƙi sai 1752. Don haka a 1616 ƙasashen biyu ba lissafi ɗaya suke bi ba, akwai tazarar kwana goma a tsakaninsu. Ranar 23 ga Afrilun da Shakespeare ya rasu a Ingila, a Sifaniya 3 ga Mayu ce. Cervantes kuma 22 ga Afrilu ya rasu, washegari aka binne shi. Lambar ce ta yi kama a takarda, amma ɗaya ya kwana goma a ƙasa kafin ɗayan ya cika. Ban ce a soke bikin ba, a yi ta yi. Cewa na yi in abin da ya fi kowane shahara a irin wannan tarihi haka yake, to sauran sai a riƙa dubawa kafin a tura.

Mai_Ajami
Sarkin_Gyara ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. In na Turawa da suke rubuta komai a rajista ya rikice haka, to namu fa? Malamanmu da lissafin Hijira suke aiki, kuma shekara suka fi damuwa da ita, ba rana ba. Duk wanda ya karanta tsofaffin waƙoƙin ajami ya san a baitocin ƙarshe mawaƙi yakan kawo ramzi, wasu haruffa a haɗe waɗanda in ka tara adadinsu za su ba ka shekarar da aka gama waƙar. A lissafin Magariba da ake bi a nan, shin dubu ce, ra ɗari biyu, lam talatin, ba biyu. In ka ga waɗannan huɗun a jere, 1232 ke nan, shekarar da Shehu Usmanu ya rasu, wadda ta zo daidai da 1817. Wanda ya koyi lissafin Gabas kuwa, inda shin take ɗari uku, sai ya samu 532 ya ce malam ya yi kuskure. Sannan shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana goma sha ɗaya, kuma kusan kowace ɗaya tana ratsa shekarun Miladiyya biyu. To ka ga ramzi zai kai ka bakin shekara, amma ba zai ce maka Talata ce ko Laraba ba.

Abin da nake nufi, tsarin "a rana irin ta yau" tun asali ya fi dacewa da waɗanda aka rubuta ranar haihuwarsu. Nana Asma'u ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙin nan. Wace rana za a ba ta? In an ce ranar rasuwa, a wace kalanda? In ta Hijira ce, bana ta faɗo a wannan wata, baɗi ta ja baya.

Ɗalibin_Adabi
Malam, wallahi yau na fara fahimtar ramzi. A aji an ambace shi an wuce.

'YarTawada
Na gode muku duka, na ƙaru. Amma kun ga an tafi kalanda an bar ni a tsaye. Ko da kwanan watan daidai ne ɗari bisa ɗari, tambayata tana nan: karanta shi kullum yana sa a rubuta? Zuwa yanzu Maman Haidar ce kaɗai ta ce eh, ita ma labari ɗaya ne ya yi mata aiki, sau ɗaya. Ba ta ce na kowace rana ba.

Malam_Na_Allo
Malama 'YarTawada, bari in amsa miki da tarihinmu. Ki duba yadda ƙagaggun labaran Hausa na boko suka fara. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasa, ya zaga yana roƙon masu ilimi su rubuta labari mai tsawo. Abin da ya fito daga nan shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam a lokacin bai wuce shekara 22 ba, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne. Ba wanda ya turo musu tarihin wani marubuci da safe. Abin da suka samu shi ne mai jiran aikin, da ranar da za a rufe karɓa. Haka da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Imam ba shi da damar cewa yau ba ya jin rubutu, jarida sai ta fita. Ki zo gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Ki zo gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ki tambayi mata nawa ne suka fara kammala gajeren labari saboda ita. Duk inda kika ga rubutu ya yi yawa a tarihinmu, ki duba da kyau za ki ga wa'adi a gindinsa. Don haka amsata: tarihin ba ya sa rubutu, amma in kin karanta shi da idon basira zai nuna miki abin da ke sawa.

Ɗan_Tsokana
Malam ya yi gaskiya, kuma ina da hujja. Dostoevsky na Rasha bashi ya yi masa katutu, ya sa hannu a wata muguwar yarjejeniya: in bai kawo sabon littafi ranar 1 ga Nuwamban 1866 ba, mai bugawa zai mallaki ayyukansa na shekara tara ba tare da biyansa ba. Wata ɗaya ya rage bai rubuta komai ba. Aka samo masa wata yarinya, Anna, mai rubutun gaggawa, yana faɗa tana ɗauka, cikin kwana 26 suka gama. Bayan 'yan watanni ya aure ta. Jama'a, ni wannan tsarin nake so. A nemo min bashin, a nemo min Anna.

Bintun_Baiti
Hhhh bashin dai za ka samu, wannan ba ya wuya.

Uwar_Marubuta
Malam_Na_Allo, da girmamawa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ka jero gasa da hukuma da kamfani kamar su ne kaɗai suka haifi rubutu. Mu da muka taso da littattafan shekarun 1980 da 1990 fa? Wace gasa ce ta sa matan nan rubutu? Kamfanoni ba sa karɓa, mutum ya rubuta a littafin makaranta, ya kai a buga masa da tafireta, ya tara kuɗinsa ya kai maɗaba'a, ya ɗauko ya kai wa 'yan kasuwa da kansa. Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, ta rubuta abin da ta gani da idonta. Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, sai a 2012 aka buga fassararsa ta Ingilishi, a Indiya ma. Ba wa'adi ne ya sa ta ba, abu ne ya tsaya mata a wuya. Kuma ga abin takaici ga masu son kalanda: da yawan littattafan zamanin ko shekarar bugu ba a sa musu ba, balle wata. Ina da wasu a akwati, bangon ya yi laushi, ka juya gaba ka juya baya ba ka ga shekara ba, sai dai ka tuna ajin da kake lokacin da ka karanta.

Malam_Na_Allo
Hajiya, ban musa ba. Amma su ma ai suna da mai jira. Littafi na ɗaya ya fita an tsaya a daidai inda rai ke so, masu karatu sun dami mai shago, mai shago ya dami marubuci a kawo na biyu. Wannan ma wa'adi ne, sai dai ba a takarda yake ba.

Uwar_Marubuta
Na biyu ke nan. Na ɗayan fa, wa ya jira shi?

Zee_Taifin
Ni ƙaramarku ce a nan amma bari in sa baki. A WhatsApp nake sakin labarina shafi-shafi. In na kwana biyu ban saki ba, saƙo sai ya fi ƙarfin wayata: "Anti lafiya?", "Anti a ƙaro mana", wata ma har da fushi wai na raina musu hankali. Wallahi ko zazzaɓi nake sai na yi taifin. Ban taɓa buƙatar tarihin kowa ba. Abin da ke damuna shi ne ba na samun komawa baya in gyara. Na taɓa kashe wani a labari don kawai in samu abin rufe shafin ranar, daga baya labarin ya buƙace shi, ba dama.

Tsohon_Edita
Zee, 'yata, kin ga inda tarihin zai yi miki rana. Abin da kike yi ba sabo ba ne. Charles Dickens yana da shekara 24 a 1836 ya fara sakin labarinsa kashi-kashi duk wata, mutane na jira, kuma kusan duk littattafansa haka suka fito. Najib Mahfuz na Masar ma a 1959 jaridar Al-Ahram ta riƙa buga wani labarinsa kullum. Damuwar da kike ciki sun shige ta. Dickens daga baya ya koma yana tsara abin da zai faru a kowane kashi a takarda kafin ya fara, don kada ya ɗaure kansa. Ki yi haka, kuma kada ki saki shafi sai kina da wasu a ajiye a gabansa. Sannan in labari ya ƙare ki ɗauke shi a matsayin daftari, ki zauna ki sake shi kafin ya zama littafi.

Mai_Shakka
Tunda an ambaci Mahfuz, ga wani abin da kalanda ba za ta taɓa nunawa ba. Za a ce a 1988 ya ci Nobel. Amma bayan juyin mulkin Masar na 1952 mutumin nan ya yi kusan shekara biyar bai rubuta ƙagaggen labari ba. Wace rana za a sa wannan? "A rana irin ta yau Mahfuz bai rubuta komai ba"? Kuma shi ne abin da mai tambaya ta fi buƙatar ji.

'YarTawada
Mai_Shakka, wallahi wannan ya fi duk wanda aka taɓa turo min sanyaya rai. Domin akwai wani ɓangare da ban faɗa ba. Wasu labaran ba zaburar da ni suke ba, kunya suke sa ni. A ce Ngugi wa Thiong'o an tsare shi a kurkukun Kamiti na Kenya a ƙarshen 1977, shekara guda ba shari'a, ya rubuta littafi sukutum da harshen Gikuyu a takardar bayan gida. Ko a ce Imam Sarakhsi, kamar yadda aka ruwaito, daga cikin ramin da aka tsare shi ya riƙa shifta wa ɗalibansa Al-Mabsut suna rubutawa daga sama. Sai a rufe da "kai mene ne uzurinka?" In na karanta haka sai in ji ni ba komai ba ce, in rufe littafin rubutun gaba ɗaya.

Maman_Haidar
Wannan "mene ne uzurinka" ɗin ni ma haushi yake ba ni. Wanda ke kurkuku an raba shi da 'yancinsa, Allah ya kiyaye mu, amma lokaci kam yana da shi har ya yi masa yawa. Mai aiki da yara da hidimar gida 'yanci gare ta, lokacin ne babu. Jarrabawar ba iri ɗaya ba ce, bai kamata a auna su da juna ba.

Sarkin_Gyara
Kuma wannan jimla ta ƙarshe ba ta cikin tarihi, mai turowa ne ya ƙara. Nan ne ma ɓarnar take. A ɗauko magana mai daɗi a liƙa wa mamaci, a sa hotonsa, shi ke nan ta zama tasa. In ka tambaya a wane littafi ya faɗa, a wane shafi, sai a ce kai ka cika tsanani. Ko labarin Al-Jahiz na Basra da ake cewa tarin littattafansa ne suka rufto masa ya rasu, hikaya ce da ake yawo da ita, amma yanzu ba a ko cewa "an ce".

Bintun_Baiti
To Yaya Sarkin_Gyara, in maganar ta sa ni na tashi na rubuta baiti goma, mene ne laifin in ba shi ya faɗa ba? Ai ba hadisi ba ne.

Sarkin_Gyara
Laifin shi ne gobe ke za a yi wa. Ki yi baiti mai kyau a cire sunanki a sa na wani babba don ya fi tafiya. Ko a sa miki abin da ba ki faɗa ba. Marubuci ne ya kamata ya fi kowa kishin a jingina magana ga mai ita.

Bintun_Baiti
Wannan kuma ka kama ni ta inda ba na so. Amma bari in faɗi nawa game da ainihin tambayar. Ni tarihin ba ya dame ni, waƙar da ake haɗowa da shi nake nema. In na karanta baiti huɗu masu kyau da ƙarfi, da baki ba da ido ba, sai kunnena ya daidaita, karin ya zauna min, in na ɗauki biro sai in ji kalmomi suna zuwa a kan awo. Tarihin mawaƙi yana sa ni tunanin mawaƙin. Waƙarsa kuwa tana sa ni tunanin waƙa. Don haka shawarata ga Anti 'YarTawada, ki tsallake ranar haihuwa, ki karanta shafi ɗaya na aikin mutumin.

Tsohon_Edita
Ni kuma sai in ce ta juya tsarin. Rubutu tukuna, karatun daga baya. Da safe kai yana nan wasai, muryar kowa ba ta shiga ba, kada a ba wa wani wannan lokaci ko da Imam ne. In ta cika abin da ta ɗora wa kanta, to ta karanta tarihin a matsayin tukuici.

Bintun_Baiti
Baba, wannan na masu zube ne. Mu masu waƙa sai mun ji sauti tukuna. Aliyu Namangi makaho ne, da kunne ya ɗauki karatu, a ka ya tsara Imfiraji wasu suka rubuta. Ba daga shiru waƙa take fitowa ba.

Tsohon_Edita
Ita dai mai tambaya zube take rubutawa.

Ɗalibin_Adabi
Ni wani tunani ne ya zo min tun da Malam Mai_Ajami ya yi magana. Duk misalan da muke da cikakkiyar ranarsu na waje ne. Me zai hana mu haɗa namu? Kowa ya ɗauki wata ɗaya ya binciko. Inda babu rana a sa wata, inda babu wata a sa shekara. Kuma a bi shawarar Baba Edita, a riƙa faɗin yadda mutum ya yi aikin, sannan a haɗa da ɗan yanki na rubutunsa saboda Anti Bintu.

Mai_Shakka
Ga shi nan. An zo neman hanyar da za a rage karanta kalanda, an ɓuge da kafa kwamitin rubuta wata.

Uwar_Marubuta
Bar shi ya yi, Mai_Shakka. Wannan aiki ne na gaske, kuma in ba a yi yanzu ba masu sanin abin tafiya suke yi. Marubutan 1990 da yawa suna raye, ana iya tambayarsu baki da baki yaushe littafi kaza ya fito, kwafi nawa aka buga, wa ya buga musu a tafireta. Sharaɗina ɗaya, kada a cika ta da maza da malaman jami'a a bar matan da suka riƙe kasuwar.

Sarkin_Gyara
Nawa sharaɗin, duk abin da za a sa sai an faɗi inda aka samo shi, kuma in majiyoyi sun saɓa a kawo duka. Misali Sa'adu Zungur, an daidaita a kan ya rasu a 1958, amma haihuwarsa wasu sun rubuta 1914 wasu 1915. Kada wani ya zaɓi ɗaya don ta fi masa daɗi.

Mai_Ajami
Kuma a sa lissafi biyu, Hijira da Miladiyya, gefe da gefe. Na ƙarni na sha tara ku bar min, ina da masu taimaka min da karatun ramzi.

Zee_Taifin
Mu na intanet za a sa mu? Namu kam har minti yana nan a rubuce.

Malam_Na_Allo
Sai labari ya kammala an gyara shi tukuna, a ganina.

Zee_Taifin
Malam, in haka ne rabinmu ba za su shiga ba, kuma mu ake karantawa yanzu.

Uwar_Marubuta
Haka aka ce mana mu ma a lokacinmu, Zee, wai namu na kasuwa ne ba adabi ba. Ɗalibin_Adabi, ka buɗe mata gurbi, Malam ya kawo hujjarsa in an zo kan watan.